Yadda Na Zama Mambar Rotary: Matakan Da Na Bi, Jiran Da Na Yi, Da Abin Da Na Biya

Ba a sayar da fom ɗin shiga Rotary, ƙungiyar nan ta duniya da ke haɗa masu sana'o'i domin hidimar al'umma, kuma babu wani ofishi da mutum zai je ya bi layi ya ce ya zo yin rajista. Da wannan zan fara domin ita ce tambayar da aka fi yi mini, kuma rashin sanin amsarta ne ke sa mutane masu niyyar alheri su karaya tun ba su taka ƙofa ba. Uwar ƙungiyar tana da hedikwata a garin Evanston da ke jihar Illinois ta Amurka, amma ita ba ta ɗaukar mutum ɗaya-ɗaya. Kulob-kulob ne mambobinta, mutum kuwa mamban kulob ɗinsa ne. Kowane kulob yana da shugabansa da ma'ajinsa da dokokinsa na cikin gida, kuma shi ke yanke wanda zai ɗauka. Akwai shafi a intanet da za ka nuna sha'awarka, amma ko ta nan ka bi, ƙarshenta wani kulob na kusa da kai za a miƙa wa sunanka, su kuma su neme ka. Hanyar da aka fi bi ita ce wani mamba ya gayyace ka.

Ni mai haɗa magunguna ce, kuma wata babbar abokiyar aikina da nake kira Yaya ce ta buɗe mini hanya. Na daɗe ina ganin wani ɗan ƙaramin bajo a ƙirjin rigarta, mai siffar wilin inji mai haƙora, ina kuma lura cewa akwai ranar da ba a samunta da yamma komai yawan aiki. Da na ce mata ina son shiga, na zaci za ta ce in kawo takarduna. Sai ta ce, "Ƙanwata, ki fara zuwa ki zauna tare da mu tukuna. Ki ga mutanen, su ma su gan ki. Maganar takarda tana gaba." A lokacin na ji kamar ana ja mini rai ne. Yanzu da na ga yadda tsarin yake, ina ganin wannan zaman baƙunta shi ne matakin da ya fi kowane muhimmanci, domin a nan ne mutum zai gane ko zai iya jure wa waɗannan fuskokin shekara da shekaru.

Zaman farko ya ba ni mamaki ta wajen tsari. Kan lokacin da aka ce daidai, shugaban kulob ya bugi wata 'yar ƙararrawa da gudumar katako, kowa ya miƙe. Aka karanta wasu tambayoyi huɗu da murya ɗaya game da abin da mutum ke tunani, ko yake faɗa, ko yake aikatawa: gaskiya ne? Akwai adalci ga duk wanda abin ya shafa? Zai jawo kyakkyawar niyya ya ƙarfafa abota? Zai amfani duk wanda abin ya shafa? Daga nan aka gabatar da baƙi, Yaya ta tashi ta faɗi sunana da sana'ata, aka tafa. Sakatare ya karanto wasiƙu, shugabannin kwamitoci suka ba da rahoto a gajarce, wani baƙon da aka gayyato ya yi jawabi kan yadda ake gyaran rijiyar burtsatse, aka yi masa tambayoyi. Akwai wani mamba da ake kira sajan kulob, shi ke kula da tsarin zama, shi ke cin tarar wanda ya makara ko ya manta bajonsa ko wayarsa ta yi ƙara. Tarar ba ta da yawa, cikin raha ake biya, kuma asusun ayyuka take shiga. Wanda aka yi wa haihuwa ko ya samu ƙarin girma a wurin aiki shi ma yakan tashi ya faɗi abin farin cikinsa ya jefa wani abu a akwatin. Lokaci na cika aka sake buga ƙararrawa, aka watse. Ban biya komai ba ranar, wanda ya gayyato baƙo shi ke ɗaukar nauyin zamansa, amma daga baya da zuwana ya yawaita na fara biyan nawa.

Waɗannan tambayoyi huɗu suna da tarihi. Wani ɗan kasuwa mai suna Herbert Taylor ne ya rubuta su a 1932, lokacin da aka ɗora masa jagorancin wani kamfanin tukwanen alminiyam a Shikago da bashi ya kusa durƙusar da shi. Ya sa ma'aikatansa su riƙa auna duk wata talla da duk wani ciniki da su. Kamfanin ya farfaɗo, Rotary kuma ta karɓe su a matsayin ma'auninta a 1943. A sana'ata, inda mai saye ba ya iya bambance maganin ƙwarai da na jabu sai abin da ka gaya masa, tambayar farko kaɗai ta isa ta hana mutum barci.

Kafin in ci gaba da zuwa, sai da na fuskanci wata magana da na san duk mai son shiga zai ji: wasu na cewa ƙungiyar asiri ce. Wannan zargi ba sabo ba ne, an sha yin sa a ƙasashe da dama. Ban yi wasa da shi ba. Na nemi kundin tsarin mulkin kulob da dokokinsa, sakatare ya ba ni ba tare da wani ja-in-ja ba, na karanta daga farko har ƙarshe. Na nemi ganin rahoton kuɗi na shekarar da ta wuce, aka nuna mini. Abin da idona ya gani shi ne babu rantsuwa, babu wani ɗaki da ake hana baƙo shiga, babu alamar hannu ta ɓoye, kuma dokar ƙungiyar ta hana kulob goyon bayan ɗan takara ko ɗaukar matsaya kan rigimar siyasa. Ba a tambayar addinin mutum a fom. Ina ba duk mai kokwanto shawarar ya yi abin da na yi, ya nemi takardun ya karanta da idonsa, ya tambayi wanda ya amince da iliminsa, kada ya shiga sai zuciyarsa ta natsu. Gani ya kori ji.

A cikin waɗannan makonni ne na saba da wani dattijon likita da ya yi ritaya, wanda ya fi kowa daɗewa a kulob ɗin. Al'adar Rotary ce mambobi su kira juna da sunan yanka ba tare da laƙabi ba, don kada muƙami ya raba su, amma ni bakina bai iya ba, Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini 'yata. Shi ya zaunar da ni ya ba ni labarin asalin abin. Ranar 23 ga Fabrairun 1905, wani lauya mai suna Paul Harris ya tara abokansa uku a Shikago: Silvester Schiele mai sayar da kwal, da Gustavus Loehr injiniyan haƙar ma'adinai wanda a ofishinsa aka zauna, da Hiram Shorey tela. Harris ya tashi ne a ƙaramin gari a jihar Vermont inda kowa ya san kowa, ya zo babban birni ya ji kaɗaici, yana neman mutanen da zai amince da su. Suka riƙa zagaya zamansu daga ofishin wannan zuwa na wancan, daga wannan zagaye ne sunan ya samo asali. Baba ya nanata mini cewa da farko ba taimakon jama'a ne ya haɗa su ba, abota ce da ciniki tsakaninsu. Sai a 1907 suka yi aikin al'umma na farko, suka tsaya aka gina banɗakin jama'a a tsakiyar birnin. Kulob na biyu ya buɗe a San Francisco a 1908, a 1910 abin ya ƙetara zuwa Winnipeg ta Kanada, sannan ya haye teku zuwa Dublin da Landan, a 1922 kuma ƙungiyar ta ɗauki sunan da take amsawa yau. Na ji daɗin yadda Baba bai ƙawata labarin ba. Ƙungiyar da ta fara da neman aboki ta koyi hidima a hankali, kuma haka yawancin mambobi suke shigowa har yanzu.

Bayan na yi zaman baƙunta na wani lokaci, Yaya ta ce lokaci ya yi. A nan ne abin da ya fi ruɗa ni ya faru: ba ni ce na cike fom ɗin farko ba, ita ce. Mamba ne ke gabatar da sunan wanda yake so a ɗauka, a rubuce, ta hannun sakatare zuwa kwamitin gudanarwa, kuma a sirrance ake yi. Abin da ta nema daga wurina shi ne cikakken suna, adireshin gida da na wurin aiki, lambar waya, taƙaitaccen tarihin aikina, ƙananan hotuna, da kwafin takardar shaidar sana'ata. Ta kuma tambaye ni ko na taɓa zama mambar wani kulob na Rotary ko na matasansa, domin wanda ya taɓa zama sai ya kawo shaidar cewa ba a bin sa bashi a can. Akwai wani gurbi a fom ɗin na rukunin sana'a. Tun zamanin mutum huɗun nan, tsarin shi ne kowane mamba ya wakilci wata sana'a daban, lauya ɗaya, tela ɗaya, don kada kulob ya zama taron 'yan sana'a guda. An sassauta wannan ƙa'ida ƙwarai, amma har yanzu ana rubuta rukunin kowa a bajon sunansa, kuma kulob mai hankali yana duba wace sana'a ce babu a cikinsa. Kulob ɗinmu yana da likitoci da dama amma ba shi da mai haɗa magunguna, wannan ya taimaka mini.

Daga nan sai jira, kuma jira ne na shiru. A dokar kulob ɗinmu, kwamitin gudanarwa yana da kwana 30 ya amince ko ya ƙi, kuma sau ɗaya a wata yake zama. Idan sunanka ya shiga washegarin zamansu, sai ka jira na gaba. Ba wanda zai kira ka ya ce ga inda ake, domin kai ba ka cikin maganar a hukumance, wanda ya gabatar da kai ake sanar wa. Na ci gaba da zuwa zama, ina gaisawa da mutanen da na san suna tattauna sunana a bayan idona, babu mai ce mini uffan. Ba zan ɓoye ba, na ji nauyin abin. Wani dare na tambayi Yaya ko an ƙi ni ne ake jin kunyar faɗa mini. Ta ce, "Haba ƙanwata, da an ƙi ki ai ni za a fara gaya wa. Sirrin nan don mutuncinki ake yin sa. In an ƙi mutum, ba a so duk kulob ya ji." Wannan bayani ya sauke mini nauyi, kuma da na same shi tun farko da ban yi ta saƙe-saƙe ba. A cikin wannan lokaci wasu mambobi biyu suka zo wurin aikina kamar masu wucewa, muka gaisa, suka ga yadda nake mu'amala da jama'a. Ba bincike ne irin na hukuma ba, suna son su tabbatar cewa mutumin da ke cikin takarda shi ne a zahiri.

Da kwamiti ya amince, shugaban kwamitin mambobi ya kira ni zaman wayar da kai, shi da ma'aji da Yaya. Wannan zama shi ne wurin da ya kamata mutum ya yi duk tambayar da ke ransa, musamman ta kuɗi, ba tare da jin kunya ba. Ma'aji ya warware mini kuɗin kashi-kashi. Akwai kuɗin shiga da ake biya sau ɗaya, wanda wasu kulob sun daina karɓa amma namu yana karɓa. Akwai kuɗin shekara na kulob. A cikinsa ko a gefensa akwai kason uwar ƙungiya, wanda da dalar Amurka ake lissafa shi kan kowane mamba, kuma sau biyu a shekara ake aiko wa kulob takardar biya, a Janairu da Yuli. Akwai kason gunduma, wato tarin kulob-kulob na yanki ɗaya da ke ƙarƙashin gwamna guda. Akwai kuɗin mujallar ƙungiyar, wanda wajibi ne. Sai kuɗin zama na kowane mako, wanda in ka tara shi a shekara yakan kai ko ya fi sauran. Tunda a tsakiyar shekara na shiga, watannin da suka rage kawai aka lissafa mini. Ga wanda kuɗin ƙasarsa ba dala ba ne, kason uwar ƙungiya yana hawa da sauka da canji, don haka a tambayi ma'aji yadda kulob ke magance wannan. Sannan ya faɗi wata magana da nake so kowa ya riƙe: duk waɗannan kuɗaɗe na tafiyar da ƙungiya ne, ba su ne kuɗin ayyukan taimako ba. Na ayyuka daban ake tara su, daga gudummawar mambobi da taron neman tallafi. Babu albashi, babu alawus, kuma dokar gidauniyar ƙungiyar ta hana mamba da iyalinsa na kusa cin gajiyar tallafin karatun da take bayarwa. Wanda ya shigo da tunanin zai samu wani abu a aljihu ya yi ɓatan kai.

A ƙarshen zaman na sa hannu a fom, na ba da izinin a bayyana sunana da rukunin sana'ata ga dukan mambobi. Sakatare ya aika wa kowa, aka ba da kwana bakwai ga duk mai ƙorafi ya rubuto da dalilinsa. Ƙorafin baki ba ya aiki, sai an rubuta. Da an samu, kwamitin gudanarwa zai sake zama ya kaɗa ƙuri'a. Wannan jiran ya fi na farko sauƙi domin na san ranar ƙarewarsa. Wa'adi ya cika babu wanda ya rubuto, na biya kuɗina ta banki, na kai wa ma'aji shaida, ya ba ni rasit. A ajiye rasit ɗin nan, domin da shi sakatare ke shigar da sunanka a rajistar uwar ƙungiya, daga nan ka samu lambar mamba da za ta bi ka ko ka koma wani gari ko wata ƙasa.

Bikin karɓa bai ɗauki dogon lokaci ba, a cikin zaman mako aka yi shi. Shugaba ya kira ni gaba tare da Yaya, ya karanta manufar ƙungiyar da takenta, wato fifita hidima a kan son kai, sannan Yaya ta maƙala mini bajo. Aka ba ni takardar shaida da kundin dokoki da jerin sunayen mambobi, kowa ya tashi ya tafa. Wilin da ke jikin bajon yana da haƙora 24 da sanduna 6, da wani ɗan tsagi a tsakiya. Baba ya ce injiniyoyin cikin ƙungiyar ne suka nace a ƙara tsagin, domin wilin da ba shi da wurin kama sandar inji juyawa kawai yake yi ba ya jan komai. Ina tsaye a gaban nan na tuna cewa ƙungiyar ta shafe fiye da shekara 80 ba ta karɓar mace. Wani kulob a garin Duarte na jihar Kalifoniya ne ya ɗauki mata, aka janye masa lasisi a 1978, ya garzaya kotu, har Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci ranar 4 ga Mayun 1987 cewa ba za a hana mata shiga ba. Sylvia Whitlock ta wannan kulob ta zama mace ta farko da ta shugabanci kulob. A 1989 majalisar dokokin ƙungiyar, wadda ke zama duk shekara uku, ta buɗe ƙofa ga mata a duk duniya. Sai a 2022 Jennifer Jones daga Kanada ta zama mace ta farko da ta shugabanci uwar ƙungiyar. Ɗan Afirka na farko a wannan kujera kuwa shi ne Jonathan Majiyagbe, lauya daga Najeriya, a shekarar 2003 zuwa 2004. A ganina jinkirin karɓar mata tabo ne a tarihin ƙungiyar, kuma na fi girmama mambobin da ke faɗin haka a fili a kan masu tsallake shi.

Mutane da yawa suna ɗauka da an maƙala bajo an gama. A nan ne aikin ya soma. Cikin makonnin farko aka buƙaci in tashi in yi jawabi kan sana'ata da yadda na shige ta, kamar yadda kowane sabon mamba ke yi. Na yi magana kan ajiyar magani da illar zafi gare shi, kuma wannan jawabi ne ya sa aka tura ni kwamitin ayyukan lafiya. Aka kuma ba ni aikin tsayawa a ƙofa ina tarbar masu shigowa, wanda da shi na haddace sunayen kowa. Batun halarta kuma ba wasa ba ne. A da, kowane kulob sai ya zauna duk mako, amma tun 2016 aka ba da dama a zauna aƙalla sau biyu a wata, har ta intanet. Namu bai bar zaman mako ba, kuma yana son mamba ya halarci aƙalla rabin zaman. Wanda ya rasa zama yana iya ramawa ta hanyar halartar wani kulob ko fita aikin al'umma. Da tafiya ta kama ni zuwa wani gari na gwada wannan ramuwa. Na shiga cikin mutanen da ban taɓa gani ba, bajona kaɗai ya isa, aka zaunar da ni a teburin gaba, aka ba ni 'yar tutar kulob ɗinsu in kai wa namu, sakatarensu ya sa hannu a katin da na kawo gida.

Aikin da ya fi shiga raina shi ne na shan inna. Rotary ta fara shi a 1979 da alƙawarin yi wa yara miliyan 6 rigakafi a Filifin, a 1985 ta ƙaddamar da shirin PolioPlus, a 1988 kuma ta haɗu da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka aka ɗaura aniyar kawar da cutar daga doron ƙasa. A lokacin ana ƙiyasta cutar na shanye yara kimanin 350,000 a shekara a ƙasashe 125. Ranar 25 ga Agustan 2020 aka tabbatar da cewa ƙwayar cutar ta asali ta bar nahiyar Afirka, sai Afganistan da Pakistan ne kawai suka rage da ita. Kowace 24 ga Oktoba kulob-kulob na yin gangamin tunawa da wannan yaƙi. Da muka fita tare da ma'aikatan lafiya, ni aka ba kula da akwatunan sanyi. Maganin ɗigo biyu ne a bakin yaro, amma zafi na kashe shi, kuma a jikin kowace kwalba akwai ɗan murabba'i a cikin da'ira wanda ke yin duhu idan ta sha zafi. In ya yi duhu kamar da'irar ko ya fi ta, kwalbar ta tashi aiki. Ina dubawa ina warewa, wasu na ɗiga wa yara, wasu na shafa musu shuɗin tawada a ɗan ƙaramin yatsa. A ranar na fahimci dalilin da ya sa ake rubuta sana'ar mutum a bajonsa. Ba a neme ni don in cika kujera ba, abin da na iya ake buƙata.

Maganar gidauniya ma tana ruɗa sababbi. Arch Klumph ne ya kawo shawarar kafa ta a 1917, kuma gudummawar farko dala 26.50 ce daga kulob ɗin Kansas City. Ita ke ba kulob tallafin manyan ayyuka a fannoni bakwai: zaman lafiya, yaƙi da cututtuka, ruwa da tsafta, lafiyar uwa da yaro, ilimi, bunƙasa tattalin arziki, da muhalli. Za ka ji ana kiran wasu mambobi da laƙabin da ke ɗauke da sunan Paul Harris, ka ga bajonsu daban. Wannan karramawa ce da aka fara a 1957 ga wanda ya ba gidauniyar dala 1,000, ko aka bayar da sunansa. Ba wajibi ba ce, ana iya tarawa kaɗan-kaɗan, kuma ba ta ba mutum ƙuri'a biyu. Kada sabon mamba ya bari ganin bajon wasu ya sa shi ɗaukar alƙawarin da ya fi ƙarfinsa.

Abin da zan gaya wa mai niyya shi ne ya ziyarci kulob fiye da ɗaya kafin ya tsayar da ransa, domin suna ɗaya suke amsawa amma halinsu ya bambanta. Wani da asuba yake zama, wani da rana, wani da yamma. Wani kuɗinsa mai nauyi ne, wani mai sauƙi. Wani ya fi ƙarfi a aikin hannu, wani a tara kuɗi. Ya duba ko ranar zamansu ta dace da aikinsa da iyalinsa, domin lokacin da zai bayar ya fi kuɗin tsada, kuma yawancin waɗanda na ga sun fita rashin lokaci ne ya fitar da su. Ya zaɓi mai gabatar da shi da kyau, wanda zai ci gaba da riƙe hannunsa bayan biki. Ya tambayi ranar zaman kwamitin gudanarwa don ya san tsawon jiransa. Ya nemi a rubuta masa jimillar kuɗin shekara, har da na zama, kafin ya sa hannu. Matashin da bai kai ga ɗaukar wannan nauyi ba yana da Rotaract, wadda aka kafa a 1968 ga masu shekara 18 zuwa sama, kuɗinta ya fi sauƙi, 'yan makaranta masu shekara 12 zuwa 18 kuma suna da Interact.

Sai kuma lokacin shiga. Shekarar Rotary tana farawa ne ranar 1 ga Yuli ta ƙare 30 ga Yuni, kuma a wannan rana shugabanni ke sauka, daga na kulob har gwamnan gunduma har shugaban duniya, sababbi su hau na shekara guda. Watan Yuni da farkon Yuli lokacin miƙa ragama ne, sakatare na rufe littafi, ma'aji na haɗa lissafi, sabon kwamiti bai gama zama ba, don haka sunan da ya shiga a wannan tsakanin yakan daɗe. Wanda ya fara zaman baƙunta a Agusta ko Satumba zai tarar ana raba kwamitoci kuma ana tsara ayyukan shekara, galibi ma zai riski ziyarar da gwamna ke kai wa kowane kulob, inda ake baje shirin shekarar gaba ɗaya a gaban kowa har da baƙi.